Tebur Ɗaya, Yara Tara

Ƙarfe biyar, duhu bai saki duwatsun Idaho ba.
Na hura murhu, itacen ya jiƙe, sai hayaƙi.
Orrin ya fita da bokiti, fitila ɗaure a goshi,
dusar ƙanƙara har gwiwa.
Saniya ba ta san Lahadi ba,
lokacinta lokacinta ne.

Teburinmu ɗaya.
A kansa muke kwaɓa burodi,
a kansa ake yanka barewa in Orrin ya yi sa'a,
a kansa, da an kwashe kwanukan safe,
makaranta take buɗewa.
Ba mu da ƙararrawa. Cokali nake bugawa a bakin tukunya.

Keziah na kokawa da lissafin da ya fi ƙarfina.
Thaddeus na zana taswira,
ya ajiye kogin Misisifi inda ya ga dama.
Tagwaye, Linnea da Marit, na faɗa kan fensir guda
alhali goma na cikin gwangwani.
Petra na haddar jadawalin bakwai da ƙarfi,
Silas da Wren a ƙarƙashin tebur da kyanwa,
Eben a cinyata yana tsotsar gefen littafi,
shi ma karatunsa ke nan.
Rabi da kwata da tuffa nake koyarwa:
raba biyu ga mutum tara,
in ka yi kuskure, cikinka zai faɗa maka.

Sai Ansel.
Shekara tara, haruffa na guje masa.
B da D kullum sai sun yi musayar riga.
Ƙanwarsa ta wuce shi, ya sani, ya yi kamar bai sani ba.
Surukata ta bugo waya daga Spokane:
"Motar makaranta fa tana wucewa ta bakin titinku."
Na ce to. Na ajiye wayar.
Na zagaya bayan akurki na yi kukana,
kaji na kallona da ido ɗaya.

Da dare nakan sauka ɗakin ƙasa in yi ƙidaya:
kwalbar tumatir ɗari da goma sha biyu,
buhun dankali, igiyar albasa, wake.
Na iya lissafin abin da zai kai mu ƙarshen sanyi.
Abin da ke shiga kan yaro, wannan ban iya ba.

Fabrairu, daren da ƙanƙara ta toshe hanya,
Orrin ya maƙale a gari,
tunkiyarmu Dottie ta haihu, zazzaɓi ya kayar da ita.
Hannuwana duka jini, tabarauna na can gida.
Ansel ne riƙe da fitila.
Rubutun kwalbar magani ƙanana kamar ƙwan kiyashi.
Na ce, "Ruga ka taso Keziah."
Bai motsa ba.
Ya kai kwalbar dab da hancinsa,
numfashinsa na fita fari,
ya fara taka haruffa ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu.
Ya zame, ya koma baya, ya sake takawa,
har ya faɗa mini adadin da za a zuƙa.
Ban ce uffan ba.
Tsuntsun da ya sauka a hannunka, ba a yi masa tafi.
Na cika allura, na tsira mata a wuya.

Gari ya waye Dottie na tsaye, ɗanta na tsotso.
A tebur kuwa B da D sun sake musayar riga,
Ansel ya yi jifa da fensir,
na duƙa na ɗauko, na mayar masa.
Marit ta kifar da madara a kan taswira,
Misisifi ya yi ambaliya har cinyar Petra.
Wanki na jira, itace ya kusa ƙarewa,
wani ya bar ƙofa a buɗe.
Na laluba cokali.